Yadda Ake Gano Ragowar Maganin Funfuna a Ɗanyen Kayan Lambu da 'Ya'yan Itace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen duba inganci na wani kamfani da ke tattara kayan lambu da 'ya'yan itace yana sayarwa. Muna da ƙaramin akwatin gwajin gaggawa, irin wanda ake ɗiga ruwa a jira canjin launi. Ya nuna mana kayanmu ba su da magani, amma da mai saye ya kai su ɗakin gwaje-gwaje sai aka ce an ga ragowar maganin funfuna har iri biyu. Wa za mu gaskata? Kuma ta wace hanya ake gano irin wannan magani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaskata ɗakin gwaje-gwajen, amma kada ka ce akwatinku ya yi muku ƙarya, domin tambayar da kuka yi masa ba tasa ba ce. Yawancin waɗannan akwatuna na canjin launi an gina su ne a kan wani sinadarin jijiya da ake kira kolinestares. Magungunan kashe ƙwari na dangin oganofosfet da kabamet suna daƙile shi, to idan an ɗiga ruwan samfuri aka ga ya daina aiki, sai a ce akwai magani. Yawancin magungunan funfuna kuwa ba ruwansu da wannan sinadari. Kana iya wanke tumatir da mankozeb, wani maganin funfuna, ka gwada shi a akwatin, ya nuna maka lafiya lau.

Babu gwaji guda ɗaya da yake kama dukkan magungunan funfuna, har a manyan ɗakunan gwaji na duniya. Idan takardar sakamako ta ce "ba a gano ba", ma'anarta ba a ga abubuwan da aka nema ba, a sama da mizanin da na'urar ke iya aunawa. Abin da ba a nema ba, takardar ba ta ce komai a kansa ba. Dalilin rashin gwaji guda mai kama duka shi ne magungunan funfuna ba dangi ɗaya ba ne. Akwai na jan ƙarfe da farar wuta, waɗanda aka daɗe ana fesa wa inabi tun ƙarni na 19. Akwai dangin mankozeb. Akwai kaptan da folpet da kulorotalonil masu zama a bayan ganye. Akwai masu shiga cikin jikin tsiro kamar kabendazim, metalaksil, tebukonazol, difenokonazol da azoksistirobin. Sannan akwai waɗanda ake tsoma 'ya'yan itace a ciki bayan girbi don kada su ruɓe a hanya, kamar imazalil da tiyabendazol a lemo. Wani yana narkewa a ruwa, wani ba ya narkewa a komai, wani zafi kaɗan ke rusa shi.

Adadin da ake nema kuma ƙanƙane ne ƙwarai. A dokar Tarayyar Turai mai lamba 396/2005, duk maganin da ba a kafa masa iyaka ta musamman ba a wani amfanin gona, iyakarsa miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Wato giram ɗaya na magani a cikin tan ɗari na kaya. Wanda ke neman abu a wannan mataki, kuskuren da ya yi da hannunsa kafin ya kunna na'ura ya fi ƙarfin duk wata bajinta ta na'urar.

Shi ya sa aikin ke farawa daga ɗibar samfuri, kuma nan ne ku masu aiki a rumbun tattara kaya kuka fi shiga ciki. Feshi ba ya sauka daidai a gona. 'Ya'yan da ke saman bishiya da gefenta sun fi na ciki shan magani, haka layin da mai feshi ya juya ya maimaita. Ƙa'idar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta fitar a 1999 ta ce idan kayan matsakaita ne, kamar tuffa ko lemo ko tumatir, a ɗebi aƙalla kilo ɗaya kuma kada ya gaza guda goma. Idan manya ne da kowane ya haura giram 250, kamar kabeji ko kankana, a ɗebi aƙalla kilo biyu, guda biyar ko fiye. Ana ɗiba ne daga akwatuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ba a zaɓi masu kyawun gani ba. Ba a wankewa, ba a ɓarewa. Iyakar da doka ta kafa wa lemo da ayaba ta ɗan itacen ne dukkansa har da ɓawo, ko da yake ba a cin ɓawon. Mutane da yawa suna mamakin wannan, alhali a ɓawon ne mafi yawan imazalil yake zama. A sa a jaka mai tsabta, a rubuta lamba, a ajiye a sanyi, a kai da wuri. Kada a ɗaure da roba mai talewa, kada a riƙe da safar hannu ta roba ta asali. Zan faɗi dalili idan mun zo kan mankozeb.

A ɗakin gwaji, daga wannan kilo ɗaya ko biyu giram goma kacal za a auna. To dole a niƙa shi har kowane cokali ya zama daidai da ɗan'uwansa. Matsalar ita ce da zarar wuƙar injin ta fasa ƙwayoyin tsiro, ruwansa da sinadaransa masu narkar da abu suna haɗuwa da maganin da ke kan fata. Kaptan, folpet da kulorotalonil suna fara lalacewa nan take, musamman a cikin albasa, kabeji da latas. Ɗakin da ya san aikinsa yana yanka kayan gunduwa-gunduwa, ya daskarar da su a firiza, sannan ya niƙa su tare da busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon. Abin da ke fitowa gari ne mai sanyi yana hayaƙi, ba kunu ba. A ganina, idan ka ziyarci ɗakin gwaji kana son sanin ko za ka amince da shi, ka nemi ganin inda suke niƙa kafin su kai ka wajen na'ura mai tsada.

Sai tsamo maganin daga cikin garin. A da, hanyoyin da aka dogara da su, kamar ta Mills ta 1963 da ta Luke ta 1975, suna cin sinadarin narkarwa mai yawa da gilasai barkatai da yini guda na ma'aikaci. A 2003 Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu, a wata cibiyar bincike ta ma'aikatar noma ta Amurka, suka wallafa hanyar da ake kira QuEChERS, wadda a yau ita ce ginshiƙin aikin kusan ko'ina. Ga yadda take a hannu. Ana auna giram 10 na niƙaƙƙen samfuri a bututun roba mai murfi na mililita 50, a zuba mililita 10 na asetonaitiril, wani sinadarin narkarwa, a girgiza minti ɗaya. Sai a juye gishiri: giram 4 na busasshen magniziyam salfet da giram 1 na gishirin sodiyam kulorayid. Nan take za ka ji bututun ya ɗau ɗumi a tafin hannunka, domin magniziyam salfet yana shan ruwa yana fitar da zafi, kuma idan ka yi jinkirin girgizawa sai ya dunƙule ya ƙi watsewa. Bayan an juya bututun a injin santirifuj mai wulwulawa da sauri na 'yan mintoci, abin cikinsa yana rabuwa hawa-hawa: gishiri da ruwa a ƙasa, tuƙar kayan lambun a tsakiya, asetonaitiril a sama, kore shar idan alayyafo ne, ruwan ɗorawa idan tumatir ne ko karas. A wannan na saman magungunan suke.

Ba su kaɗai suka hau ba. Sukari, tsami, kitse da launi duk sun biyo su, don haka ana ɗiban mililita ɗaya a zuba a wani ƙaramin bututu mai garin tacewa. Akwai farin gari da ake kira PSA, miligiram 25 a kowace mililita, mai kama tsami da wani ɓangare na sukari. Akwai C18 mai kama kitse, wanda ake buƙata a irin su fiya. Akwai kuma baƙin garin kabon mai cire koren launi. Shi wannan baƙin gari yana da haɗari ga mai neman maganin funfuna, domin yana son duk sinadarin da ƙirarsa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma haka ƙirar kulorotalonil, tiyabendazol, kabendazim da sifurodinil take. Ma'aikacin da ya cika shi don ya ga ruwansa ya yi garau, ya zubar da abin da aka aiko shi nema tare da launin.

Tsami ma yana da nasa rikicin. Kaptan da folpet ba sa jure ruwan da tsaminsa ya yi ƙasa, imazalil da tiyabendazol kuwa idan tsami ya yi yawa, kamar a lemon tsami, sai su maƙale a ɓangaren ruwa su ƙi hawa sama. Wannan ne ya sa aka yi wa hanyar gyara iri biyu da ake amfani da su a hukumance: AOAC 2007.01 mai amfani da gishirin asetet, da EN 15662 ta Turai mai amfani da gishirin sitiret, wadda ke tsayar da ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 5 da 5.5. Bayan tacewa da PSA ana ƙara ɗigon fomik asid don masu saurin lalacewa su kai ga na'ura da ransu. Idan ka duba takardar sakamakon da aka ba mai sayenku, da wuya ka rasa ɗaya daga cikin waɗannan lambobi biyu a jiki.

Yanzu ruwan ya shirya, kuma ana raba shi gida biyu, domin na'urori biyu ne ke aikin, kowace da nata rabon. Dukkansu suna fara ne da rarrabe sinadarai ta hanyar kiromatogirafi: ana tura ruwan cikin wani siririn bututu da aka shafe cikinsa ko aka cusa masa abin da ke riƙe sinadarai, kowane gwargwadon halinsa. Kamar a saki mutane a bakin doguwar kasuwa ne a lokaci guda. Wanda ba ya tsayawa gaisuwa shi zai fara ɓullowa ta ɗaya ƙofar, mai yawan sanayya ya fito a ƙarshe, kuma kowa yana da lokacin da ya saba fitowa. A na'urar GC, ana mai da ruwan tururi a zafin da ya kai kusan digiri 250, iskar hiliyam ta kwashe shi cikin bututu mai tsawon mita 30 da aka naɗe kamar zobe. Ta dace da masu jure zafi irin su kulorotalonil da firosimidon. A na'urar LC kuwa ruwa ne ke ɗaukar sinadaran ba tare da an ƙona su ba, kuma ita ce gidan kabendazim, tiyabendazol, imazalil, azoksistirobin da yawancin sababbin magunguna.

A ƙarshen bututun akwai na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda za ka ga an rubuta MS/MS. Tana sa wa kowace ƙwaya cajin lantarki, ta zaɓi mai nauyin da ake nema kaɗai, ta fasa ta da iskar gas, sannan ta auna ɓaraguzan. Ɗauki kabendazim: yana shiga da nauyin 192, idan an fasa shi sai ya ba da 160 da 132. Azoksistirobin yana shiga da 404, ya ba da 372 da 344. Kafin ma'aikaci ya rubuta cewa ya ga kabendazim, sai shaidu uku sun haɗu. Dole abin ya fito a lokacin da tsantsar kabendazim ke fitowa, ba tare da bambancin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na minti ba. Dole a ga ɓaraguzan biyu. Dole kuma girman ɗaya a kan ɗayan ya yi daidai da na tsantsar maganin, da sassaucin kashi 30 cikin ɗari. Waɗannan sharuɗɗa suna cikin kundin SANTE/11312/2021 na Tarayyar Turai, wanda ɗakunan gwaji da yawa a wajen Turai ma suke bi. Da na'urorin biyu a haɗe ana iya neman magunguna ɗari huɗu ko biyar a samfuri ɗaya. Wannan shi ne ya sa na ce maka ka gaskata su: sakamakon da ya cika waɗannan sharuɗɗa da wuya ya zama kama da wane.

Gane sunan magani abu ne, faɗin yawansa wani abu ne daban. Ragowar kayan lambun da ta tsira daga tacewa tana shiga na'ura tare da maganin ta dagula awo. A LC takan danne alamar maganin, har lemo ya sa a ga rabin abin da ke akwai. A GC takan yi akasin haka, ta kumbura alamar. Maganin wannan shi ne a haɗa ruwan awo na tsantsar magani a cikin ruwan irin wannan kayan lambun da aka tabbatar babu komai a cikinsa, tumatir da tumatir, inabi da inabi. Masu hali suna ƙara tagwayen maganin da aka canja wa nauyi kaɗan ta hanyar aisotop, wanda duk abin da ya sami na gasken zai same shi, sai a gyara lissafi da shi. Kaptan da folpet kuma suna rushewa a bakin na'urar GC mai zafi, na farko ya koma THPI, na biyu ya koma ftalimayid, shi ya sa dokar Turai take haɗa kowane da abin da ya rikiɗa ya zama. Sai dai ftalimayid yana iya samuwa ta wasu hanyoyi da ba feshi ba, don haka idan shi kaɗai aka gani ba tare da folpet ba, ni ba na gaggawar ɗora wa manomi laifi.

Yanzu ga dangin da ya fi ba kowa wahala, kuma yana cikin waɗanda aka fi fesawa a duniya: mankozeb, maneb, zineb, metiram, firopineb, tiram da ziram, waɗanda ake kira daitayokabamet. Duk bayanin da na yi a sama bai shafe su ba. Mankozeb sarƙa ce ta sinadari da manganis da zink suka ɗaure, ba ya narkewa a asetonaitiril, ba ya narkewa a ruwa, kuma da ya taɓa ruwan tsiro mai tsami sai ya fara wargajewa. Saboda haka ɗakin gwaji zai iya neman magunguna ɗari biyar ya ce bai ga komai ba, alhali kayan cike suke da mankozeb. Gwajinsa daban ne, kuɗinsa daban, kuma sai an nema ake yi.

Tun da ba a iya tsamo shi lafiya, sai ake rusa shi da gangan. Ba a niƙa samfurin a zafin ɗaki; ana yanka ɓangarori masu ɗauke da fata, ko a niƙa a daskare. Ana zuba su a kwalba mai rufin da iska ba ta fita, a ƙara ruwan haidirokulorik asid da aka narkar da sinadarin kuza a ciki, da wani mai da ake kira aisooktan, a dafa a digiri 80 na kusan awa biyu ana girgizawa. Duk wani ɗan wannan dangi zai saki kabon daisalfayid, wato CS2, wanda zai shige cikin man, sai a auna shi da GC. Tsohuwar hanyar Keppel, wadda har yanzu wasu ƙananan ɗakuna ke bi, tana tura tururin cikin ruwa mai sinadarin jan ƙarfe, ya koma rawaya, a auna kaurin launin. Ta kowace hanya, sakamakon yana fitowa ne da sunan CS2, ba da sunan mankozeb ko tiram ba, domin gwajin bai san daga wanne ya fito ba. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, tun da gubarsu ba ɗaya ba ce, kuma wasu an yarda da su a wata ƙasa an hana wasu. Tarayyar Turai, misali, ta ƙi sabunta izinin mankozeb a ƙarshen 2020.

Ga kuma inda ake zaluntar mai kaya. Kabeji, farin kabeji, burokoli, albasa, tafarnuwa da gwanda suna da sinadaran farar wuta na halitta, waɗanda idan an dafa su da asid suke sakin CS2 da kansu, ko da ba a taɓa fesa musu komai ba. Ita ma roba ta asali ana sarrafa ta ne da sinadarai 'yan gidan tiram, shi ya sa safar hannu ko zaren roba da ya taɓa samfuri zai iya jawo sakamakon ƙarya. Idan an ce an ga CS2 a kabeji, abin da ya dace shi ne a sake gwadawa ta hanyar da ke narkar da maganin a ruwa marar tsami mai ɗauke da EDTA, sinadarin da ke kama ƙarfe, a sauya masa ƙira ta yadda LC za ta gan shi. Wannan hanya tana iya cewa daga gidan mankozeb ne, ko gidan firopineb, ko gidan tiram da ziram, ko kuwa ba kowa. Akwai kuma ETU, abin da mankozeb ke rikiɗa ya zama musamman idan an dafa abinci, wanda ya fi uwarsa damun masana lafiya saboda illarsa ga glandar tairoid da ke wuya. Shi ma gwajinsa daban.

Akwai wasu biyu da ke zamewa daga babban gwajin. Fosetil da fosfonik asid suna son ruwa ƙwarai, ba sa hawa cikin asetonaitiril, sai an bi su da hanyar QuPPe mai amfani da metanol mai tsami. Kuma fosfonik asid yakan fito daga wasu takin ganye, ba lallai daga maganin funfuna ba. Jan ƙarfe kuwa ƙarfe ne, ana narkar da samfurin gaba ɗaya a asid mai zafi a auna shi da na'urar auna ƙarafa.

Za ka iya tambaya ko akwai abin da ku za ku iya yi a wajenku ba tare da waɗannan na'urori ba. Akwai, amma kowane da iyakarsa. Ana sayar da 'yan tsinkayen gwaji masu fitar da layi, waɗanda aka yi da garkuwar jiki da ke gane magani guda, misali kabendazim ko kulorotalonil. Suna da amfani idan kun san abin da manomanku ke fesawa, amma tsinken kabendazim ba zai ga tebukonazol ba. Akwai na'urar HPLC mai aiki da haske, wadda ta fi MS/MS araha nesa ba kusa ba, kuma tana auna kabendazim da tiyabendazol da kyau domin suna ƙyalli idan an haska su. Akwai wata tsohuwar dabara da nake jin daɗinta har yau: a ɗiga ruwan samfuri a faranti mai siririn shafe, a bar sinadaran su rarrabu, sannan a fesa wa farantin ƙwayoyin funfuna masu rai tare da abincinsu, a ajiye a wuri mai ɗumi da laima. Bayan kwana biyu funfuna za ta rufe farantin da baƙi, sai wuraren da magani yake su zauna fari tas. Funfunar ce da kanta ke ba da shaida. Ba ta isa a kafa hukunci da ita ba, amma tana nuna abin da aka yi maganin dominsa. Gwajin hasken leza da ake haska ɓawo da shi don neman tiram ko tiyabendazol yana ta bunƙasa a ɗakunan bincike, sai dai ban ga ya kai a dogara da shi wajen karɓa ko ƙin kaya ba tukuna. Duk abin da waɗannan suka nuna akwai, sai an tabbatar da MS. Abin da suka nuna babu, ka karanta shi da sharaɗin da na faɗa tun farko.

Idan takardar sakamakon ta zo hannunka, ga abin da za ka bincika. Ka nemi cikakken jerin magungunan da aka nema, da mafi ƙanƙantar adadin da suke iya aunawa ga kowane. Idan iyakar doka 0.01 ce su kuma ba sa gani sai daga 0.05, to "ba a gano ba" ɗinsu ba ta kare ka ba. Ka duba ko an tantance ɗakin a kan ISO/IEC 17025, ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwaji, kuma ko tantancewar ta haɗa da wannan gwajin a irin wannan kayan, domin takardar da ke rataye a bango ba ta rufe kowane gwaji ba. Ɗaki nagari yana zuba sanannen adadin magani a samfuri mai tsabta a kowane zagaye don ya ga nawa zai dawo. Abin karɓa shi ne tsakanin kashi 70 da 120 cikin ɗari, kuma maimaitawa kada ta bambanta da fiye da kashi 20.

Sannan akwai rashin tabbas na awo, wanda mutane ba sa son ji. Hukumomin Turai suna ɗaukar kashi 50 cikin ɗari, sama ko ƙasa, kafin su yanke cewa kaya sun karya doka. Idan iyaka 1.0 ce aka auna 1.6, gaskiyar tana iya kasancewa tsakanin 0.8 da 2.4, don haka ba a tabbatar da ƙetarewa ba. Idan aka auna 2.2, ko an cire rabi saura 1.1, an ƙetare. Wannan rangwame na hukuma ne. Mai saye yana iya ƙin karɓar 1.6 ɗin ma, kuma manyan kantuna da yawa suna kafa tasu iyakar a ƙasa da ta doka, don haka ka duba abin da kuka rattaba hannu a kai.

Kada kuma ka ɗauki ganin magani iri biyu a matsayin an ce kayanku guba ne. Iyakar doka ana kafa ta ne a kan abin da ya kamata ya rage idan an yi feshi bisa ƙa'ida an kuma jira kwanakin da aka ce kafin girbi, sannan a tabbatar adadin bai kai ga cutarwa ba. Kwamitin masana na haɗin gwiwar hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, yana wannan aiki tun 1963. Wani lokaci ma batun izini ne kawai. A farkon 2012 Amurka ta riƙa tsare ruwan lemon da aka shigo da shi, har da na Brazil, saboda kabendazim a adadin da hukumar abinci ta ƙasar da kanta ta ce ba ya barazana ga lafiya. Laifinsa shi ne ba a yarda da shi a lemo a Amurka ba. Kabendazim ɗin ma yakan ruɗa mutane ta wata fuskar: manomi zai rantse bai taɓa sayensa ba, kuma da gaskiyarsa, domin benomil da tayofanet-metil duk suna rikiɗa su koma shi a jikin tsiro.

Game da naku kayan, fara da sunayen magungunan biyu da adadinsu, ka gwada da littafin feshin manoman da suka kawo wannan kaso. Idan kun ajiye kishiyar samfurin, wato na biyu daga kaso ɗaya, a firiza, ku aika da ita wani ɗakin da aka tantance, ku rubuta a takardar buƙata cewa kuna son babban gwajin GC da LC, da gwajin daitayokabamet daban. Idan ba ku saba ajiye kishiya ba, ku fara daga kaso na gaba. Idan kuma sunayen sun kasance irin su imazalil, tiyabendazol, firimetanil ko fuludiyoksonil, to kafin ka tuhumi gona ka leƙa cikin rumbunku, domin waɗannan ana yawan amfani da su bayan girbi. Ka ɗebi ruwan kwamin wanki, da kakin da ake shafa wa 'ya'yan itace, ka goge burushin injin da bel ɗinsa da akwatunan da aka taɓa zuba lemo a ciki da auduga mai tsabta, ka aika da su tare da samfurin, kowane a jakarsa da lambarsa.